Yadda Ake Canza Giyar Keke Ba Tare Da An Wahalar Da Cen Ba

Assalamu alaikum jama'a, yau kan giyar keke za mu tsaya, don wallahi abin na damuna in ga mutum da keke mai giya 21 amma tun ranar da ya saya giya ɗaya yake hawa, ya zo tudu sai ya sauka yana turawa, alhali maganin na nan ƙarƙashin yatsarsa.

To ku kalli kan kekenku. Hannun dama shi ke da giyar baya, na hagu kuma na gaba ne wajen feda. 21 ɗin nan ma ba wani abu ba ne, faifai 3 masu haƙora a gaba, 7 a baya, uku sau bakwai kenan.

Mu fara da dama tunda shi za ka fi taɓawa. In irin na murzawa ne da lambobi a jiki, 1 ita ce mafi sauƙi, 7 mafi nauyi. In kuma mai dannawa ne irin na kamfanin Shimano ɗin nan, ka tura da babban yatsa, ka ji ƙas ɗin nan? Cen, wato sarƙar keken, ya hau babban faifai a baya, feda ta yi laushi, ta hawan tudu kenan. Ka ja ƙaramin madannin da ɗan ali, ya sauko ƙaramin faifai, feda ta yi nauyi amma keke na ƙara gudu. Na hagu akasin haka yake, a gaba babban faifai shi ne mai nauyi, ƙaramin shi ne mai sauƙi, nan ne mutane suke rikicewa.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Giyar nan ba ta shiga sai feda na juyawa gaba, in kana tsaye ka yi ta dannawa ba inda cen zai je, sai ka tashi tafiya ka ji yana ƙara kamar zai tsinke. Kuma juyawar ba da ƙarfi ba, daidai lokacin da za ka danna sai ka sassauta ƙafa, feda na tafiya amma ba ka danne ta ba, zagaye ɗaya ya isa ta shige sai ka ci gaba da takawa. Ƙafar ba tsayawa za ta yi ba, nauyin kawai za ka ɗauke.

Shi ya sa ake rage giya tun kana hango tudu, ba sai ka kai tsakiya ka miƙe tsaye kana nishi ba, don a nan ne cen ke zamewa ko ya tsinke gaba ɗaya, haƙoran ma su cinye da wuri. Haka in za ka tsaya, ka rage biyu ko uku kafin ka kama birki, tashin zai zo maka da sauƙi.

Sai kuma kar ka haɗa babban gaba da babban baya, ko ƙarami da ƙarami, leƙa ta baya ka ga yadda cen ya karkace yana goga. In gaban naka uku ne, bar shi a na tsakiya a hanya miƙaƙƙiya, ka yi ta wasa da hannun dama ɗaya bayan ɗaya har ka ji ƙafarka na juyawa ba ta nauyi kuma ba ta wofi.