Jinya a gida: kada a sallami mara lafiya kafin katifa ta iso

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman 'yan'uwanmu na Makka da Jidda da Madina.

A nan Saudiyya, Ma'aikatar Lafiya tana tura likita da nas da mai gashin ƙashi har gida su duba wanda ciwo ya kwantar. Keken guragu da gadon asibiti da tallafin naƙasa kuwa suna hannun Ma'aikatar Ƙwadago da Walwalar Jama'a, kuma can ma sai an kai rahoton likita an tantance. Tsakanin ofisoshin nan biyu ne mara lafiya yake lalacewa.

A ɗauki dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye. An sallame shi yau, katifa mai iska ba ta zo ba. Wanda ba ya iya juya kansa, gyambon kwanciya kan fara kama shi cikin 'yan sa'o'i, a ƙashin gindi da kwatangwalo da dunduniya, domin nauyin jiki yana danne jijiyoyin jini. Alamar farko ita ce wurin ya canza launi ko ya yi zafi da tauri, kuma a baƙar fata ba a cika ganin ja ba, sai an taɓa. Maganinsa juyi duk bayan awa 2, dare da rana, da sauya famfas da zarar ya jiƙe. In da robar abinci ta hanci, a ɗaga kansa digiri 30 zuwa 45, a bar shi haka aƙalla minti 30 bayan ci, in ba haka ba abincin ya gangara huhu ya zama ciwon huhu.

To wa zai yi wannan aiki? Nas ta zo ta wanke gyambo ta tafi. Sauran mako duka yana wuyan matarsa ko 'yarsa, wadda sau da yawa ba wanda ya tambaye ta ko tana samun barci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar haƙƙin tsofaffi ta 2022 ta ɗora kula da tsoho a kan iyalinsa, don haka wajibi ne a tsaya wa iyalin.

A ganinmu, kafin a sa hannu a takardar sallama, jami'in walwala na asibiti ya san gidan: hawa nawa ne, matakala nawa (gidajen kan duwatsun Makka ba a hawansu da keke), akwai firij na ajiye insulin? A koya wa mutum 2 juyi da ba da abinci a gaban nas. A rubuta magunguna da ranar canza robar fitsari a takarda ɗaya, da lambar mutum ɗaya da za a kira.

Masu iƙama, wato baƙi masu takardar izinin zama, yawancin tallafin nan na 'yan ƙasa ne, don haka ku tambayi inshorarku da ƙungiyoyin agaji tun mara lafiya yana asibiti. Shawarar likita, a kira 937. In numfashi ya sarƙe, a kira motar asibiti a 997.