Fim ɗin abokai masu gaba a majalisarmu ta Fagge

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ga ni na dawo Dabalin, babban birnin ƙasar Ayalan. Kuna dai ganin tagar nan, tun asuba ake ruwa, irin yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya bi ka a sannu har ya gama da kai. Shekaranjiya war haka ina Kano, zafi ya fara leƙowa, ina fifita da kwali. Sati uku na yi a gida. Na yi zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, na sha layin cirar kuɗi kamar kowa, har mai ruwan leda sai da na tura wa kuɗi ta waya. Wannan labarin wata rana ne. Hotunan da za ku gani yanzu na daren wata Alhamis ne a majalisarmu ta Fagge, kuma ina gargaɗi tun da wuri: duk wanda bai kalli fim ɗin The Banshees of Inisherin ba, kuma yana da niyya, to ya dakata a nan, domin zan fasa ƙwai.

Abin da ya sa na tafi da shi gida, a nan Ayalan tun watan Janairu ba a da zance sai nasa. Ranar 24 ga wata aka fitar da sunayen 'yan takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, fim ɗin ya shiga rukuni 9, ƙasar gaba ɗaya kuma ta tashi da gurbi 14, abin da ba ta taɓa samu ba. Direban bas zancen yake, matar da muke aiki tare zancen take. Na ce bari in kai wa mutanena, masu kallon Indiya tun zamanin silimar Marhaba da Plaza, in ji su me za su ce.

To ga mu nan. Wancan benci na Baba mai shayi ne, a kansa muka ɗora kwamfutar, muka tokare ta da gwangwanin madara. Wuta babu, fitilar da kuke gani ta caji ce. Ni ne mai fassara, tunda Turancin tsibirin nan ko ni da na shekara shida a ƙasar sai na kasa kunne. Ashar ɗin da ke ciki kuwa, wadda ba ta da iyaka, duk na mayar da ita "kai, Allah wadai", saboda Kawu na zaune.

Labarin ba shi da yawa. Shekarar 1923 ce, a wani ɗan tsibiri da marubucin, Martin McDonagh, ya ƙirƙira a gaɓar yammacin Ayalan, amma a tsibiran Inis Mór da Achill aka ɗauka. Abokai biyu ne, Pádraic da Colm. Kullum ƙarfe biyu na rana Pádraic zai biya wa Colm su tafi mashaya. Nan ma sai da na tsaya na yi bayani cewa mashaya a ƙauyen Ayalan ita ce majalisarsu, a nan ake jin wa ya mutu, wa ya sayar da saniya. Rannan Pádraic ya ƙwanƙwasa, Colm na ciki yana zaune, ya ƙi ko ɗaga kai. Da aka matsa masa, sai ya ce ba a yi masa laifin komai ba, kawai ya daina son zama da shi ne. Hirarsa ba ta da amfani, shi kuma tsufa ya zo, yana so ya ƙarar da sauran kwanansa wajen tsara kiɗan goge da za a tuna da shi.

Ku dubi fuskar telan nan da ke gefen hagu, abokina ne tun firamare. A nan ya ajiye kofi ya ce, "Shi ke nan? Babu mace a ciki? Babu gado, babu bashi?" Na ce babu. Ya ce to wannan ba gaba ba ce, ciwo ne, a kai shi a yi masa ruƙiyya. Majalisa ta kwashe da dariya. Minti talatin na farko haka muka yi su, dariya kawai, musamman inda Colm ke ƙorafin cewa Pádraic ya taɓa shafe awa biyu yana ba shi labarin abin da ya gani a kashin dabbarsa. Baba mai shayi ya ce wallahi yana da kwastoma irin wannan, kuma yana zaune a nan yanzu. Kowa ya waiga ya kalli na kusa da shi.

Sai aka zo wurin yatsa. Colm ya ce duk ranar da Pádraic ya sake yi masa magana, zai yanke yatsansa guda da almakashin askin tumaki, yatsan kansa fa, na hannun da yake danna tsirkiyar goge da shi. Kowa ya ɗauka barazana ce. Da yatsan ya bugi ƙofar Pádraic, ku saurari sautin bidiyon nan da kyau, za ku ji salati ya tashi, sannan wani yaro a baya ya fashe da dariya, sannan ya yi shiru da kansa kamar wanda aka kama yana dariya a gidan makoki. Wannan dariyar da mutum ke yi sannan ya ji kunyarta, ita ce sana'ar McDonagh. Mu mun saba da barkwanci a ware: marigayi Ibro ya fito, ka san dariya ka zo yi, fim ɗin kuka kuma ka san kuka ne. A nan an dama su a ƙwarya ɗaya, ba ka san wanda za ka kurɓa ba. Ƙanwata, da ta leƙo daga soro don kawo mana ƙosai ta ƙi komawa, ita ta ba shi suna mafi dacewa. Ta ce wannan ai dariyar ƙeta ce ake sa mutum yi dole.

Daga nan majalisa ta rabu biyu, kuma a nan na fi jin daɗin daren. Tela da yawancin samari suna bayan Pádraic. Hujjarsu a fili take: mutum bai yi maka komai ba, ka wayi gari ka yanke shi, alhali addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Na ce ai su ba Musulmi ba ne. Tela ya ce to shi limamin cocin da ke cikin fim ɗin ai ya yi masa magana, bai ji ba. Kawu kuwa, wanda na zaci shi zai fi kowa tsine wa Colm, sai ya ɗauki wani layi daban. Ya ce shi yanke yatsa hauka ne, babu ja. Amma ku duba, mutumin nan sau nawa ya ce a ƙyale shi? Sabo turken wawa. An ce maka ba a so, ka koma, an sake faɗa maka, ka sake komawa, har 'yar'uwarka ta zo biko. Ya ce a Kano mun iya zumunci, amma ba mu iya barin mutum ya huta ba. Wanda ya ce yau ba ya son fitowa majalisa, kafin isha an ce girman kai ne, ko an ce ya samu kuɗi.

Ni a ganina Kawu ya fi kusa da abin da fim ɗin ke nufi, ko da yake bai kai ƙarshe ba. Colm ba mugu ba ne, mutum ne da baƙin ciki ya cinye, tsoron mutuwa ya kama shi, ya rasa wanda zai huce a kai sai mai ƙaunarsa. Kuma duk wannan hidimar wai don goge ake yi, amma yatsun gogen ya fara zubarwa. A can tsallaken ruwa kuma ana ta jin ƙarar bindiga, yaƙin basasar Ayalan ne na 1922 zuwa 1923, tsakanin mutanen da jiya-jiya suka yaƙi Ingila kafaɗa da kafaɗa, yau sun juya wa juna baki saboda yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Da na faɗi haka, wani ya ce ashe kamar mu da zaɓen nan, tun da aka fara kamfen akwai masu jar hula da marasa ita da ba sa gaisawa a layin nan. Baba mai shayi ya ce a bar siyasa, bai gama biyan kuɗin bencin da aka karya masa ba.

Abin da ya kashe wa kowa jiki ba yatsun ba ne. Jaka ce. Pádraic na da 'yar ƙaramar jaka mai suna Jenny, har cikin ɗaki take shiga. Da Colm ya yanke sauran yatsu huɗun ya watsa a ƙofar gidan, ita ta haɗiyi ɗaya ya shaƙe ta. Ku ga Kawu a nan, ya cire hula yana shafa kai. Shi ɗan ƙauye ne asali, da jaki ya yi fataucin itace yana yaro. Abin da ya ce kawai shi ne, "Dabba me ta yi?" Daga nan babu wanda ya sake dariya, har Pádraic ya cinna wa gidan Colm wuta, bayan ya ɗauke karen don kada ya ƙone. Ƙanwata ta ce mutum ɗaya ne mai hankali a tsibirin kaf, Siobhán, 'yar'uwar Pádraic, da ta haɗa kayanta ta shiga jirgin ruwa ta tafi aikin ɗakin karatu. Ta faɗa tana kallona, ban san me take nufi ba, ko kuma na sani.

To, maganar kyauta. Tela ya ce in dai akwai adalci, Colin Farrell, mai fitowa a Pádraic, ya gama cinyewa, ko don girarsa kaɗai, yadda take sauka kamar rumfar da ruwa ya daka. Yana da hujja. Farrell ya ci gwarzon jarumi a bikin Benis na Italiya a Satumbar 2022, inda McDonagh ma ya ci kyautar rubutu. A kyautar Golden Globe ta Amurka cikin Janairu fim ɗin ya ɗauki 3. A BAFTA, kyautar finafinan Birtaniya da ake yi a Landan, ranar 19 ga Fabrairu ya ɗauki 4, har da Kerry Condon mai fitowa a Siobhán, da Barry Keoghan mai fitowa a Dominic, yaron nan abin tausayi da ubansa ɗan sanda ke jibga.

Amma na ce musu su bi a hankali, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Oscar zaɓe ne irin na daliget. Mutum kusan dubu 10 ne ke kaɗa ƙuri'a, 'yan sana'ar ne da kansu, kuma 'yan wasa su suka fi yawa. Shi ya sa masu bin harkar ke kallon abin da ƙungiyoyin sana'ar suka yi kafin ranar. A 2023 ƙungiyar daraktoci da ta furodusoshi da ta 'yan wasa duk sun bi fim ɗin Everything Everywhere All at Once, mai gurbi 11. A rukunin jarumi, 'yan wasa sun ba Brendan Fraser, BAFTA ta ba Austin Butler, wato Farrell ya rasa manyan biyun da suka zo a ƙarshe. A rukunin mataimakin jarumi kuma an yi abin da muka sani a siyasar gida: Keoghan da Brendan Gleeson, mai fitowa a Colm, 'yan gida ɗaya sun fito kujera ɗaya, ga Ke Huy Quan na fim ɗin Everything Everywhere yana ta share fage. Babbar kyautar ma ba wanda ya fi yawan masoya na farko ke ci ba, jera finafinan ake yi daga na ɗaya zuwa ƙasa, don haka fim ɗin da kowa ke iya sa wa a na biyu ya fi wanda rabin mutane suka fita daga kallonsa da ɗacin baki. Fim ɗin da aka kashe jaka a ciki, aka ƙare ba sulhu, ba na jin zai zama na biyun kowa. Hasashena, in an samu, to rubutu ne ko Kerry Condon. Kuma kada ku yi mamaki in ya shiga da tara ya fito hannu rabbana.

Wani ɗalibi a majalisar ya tambaya ko fim ɗin Hausa zai taɓa zuwa wurin. Na ce ƙofar da za a bi tana nan, kuma a 2023 ma wani ɗan ƙaramin fim da aka yi da harshen Ayalan na asali, An Cailín Ciúin, ya shiga biyar ɗin ƙarshe na finafinan ƙasashen waje, karo na farko ga harshen, alhali masu magana da shi kullum ba su kai mutanen ƙaramar hukuma ɗaya a cikin Kano ba. Najeriya ta taɓa aika The Milkmaid a 2020, wanda yawancinsa Hausa ne, bai tsallake zagayen farko ba. Tela ya ce a ba shi labarin gabar layinsu kawai, ya isa fim uku.

Wannan guntun na ƙarshe na so in yanke shi, sai na ga rashin gaskiya ne. Muna naɗe waya, Kawu ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro, ya ce, "Kai da ka kawo mana fim ɗin, a cikin biyun wane ne kai?" Na ce Pádraic mana, Kawu, ni ai mai son mutane ne. Ya nuna tela da haɓa ya ce, "Wannan sau nawa ya kira ka bara ba ka ɗauka ba?" Kun ga inda kyamarar ta karkata ta koma kallon ƙasa? Hannuna ne. Na fara kame-kamen aiki da bambancin lokaci, tela ya ce bambancin lokacin awa ɗaya ne, kusan wata bakwai a shekara ma babu shi. Ya ce shi dai kada in yanke yatsa, in bar su in riƙa danna waya da su.

An sa bikin Oscar ranar Lahadi 12 ga Maris, 2023, a Los Anjalas, wajen ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya. Mun so mu sa tsire tsakanina da tela a kan Farrell, Kawu ya ce caca ce, don haka an tsaya a kan cewa ko wa ya ci, ni zan saya. Baba mai shayi ya ce ba zai kai ɗaya na dare ba sai in an biya shi kuɗin gawayi, kuma a hannu yake so, ba ta waya ba. Tela ya ce shi zai kira ni da an fara, kuma majalisa gaba ɗaya za ta ƙirga ƙara nawa wayar za ta yi kafin in ɗauka.