Ina Kake Ajiye Maganarka? Lacca Kan Ja da Baya Daga Kafafen Sada Zumunta

An rubuto wannan lacca daga faifan murya, an ɗan gyara wasu wurare domin sauƙin karatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, malamaina, iyaye, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan lokaci. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, saboda haka ba zan tsaya kewaye-kewaye ba.

A cikinmu nan, wa zai iya ciro wayarsa yanzu ya nemo mana wani rubutu mai ma'ana da ya yi a Facebook ko Twitter shekara biyar da suka wuce? Ina nufin rubutun da ya zauna ya yi tunani a kansa, wanda a ranar mutane suka yi ta yabawa. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san wahalar. Za ka shiga shafinka ka yi ta ja da ɗan yatsa, ka wuce hotuna, ka wuce gardamar da ka manta mafarinta, waya ta yi zafi a hannunka, kana dab da isa shekarar sai manhajar ta zame ta mayar da kai sama. Rubutun yana nan, ba a goge shi ba, amma wurin da ka ajiye shi ba a gina shi don a koma baya ba. An gina shi don abin da ke zuwa bayan daƙiƙa biyu.

Maganata a yau ke nan: mutumin da yake da abin faɗa ya kamata ya rage zama a waɗannan kafafe, ya buɗe shafi nasa na kansa a intanet, ya riƙa ajiye maganarsa a can.

Matasan da ke nan za su iya zaton haka yanar gizo ta taso, wato ka shiga manhaja a riƙa zubo maka abubuwa. Ba haka ta fara ba. A 1989 ne Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, ya gabatar da tsarinta, kuma a 1993 cibiyar ta sake ta ga duniya kyauta, babu mai biyan kowa lasin. Tunanin mai sauƙi ne: kowa ya ajiye shafinsa, ya sa mahaɗa zuwa shafin wani, mai karatu ya bi da ƙafarsa. Zuwa 1999 an sami Blogger, a 2003 aka sami WordPress, wanda bai san komai game da sarrafa kwamfuta ba ma yana iya buɗe shafi ya yi rubutu. Akwai kuma wata hanya da ake kira RSS. Kai ne za ka zaɓi marubutan da kake so, duk wanda ya yi sabon rubutu a cikinsu ya iso gare ka bi da bi, gwargwadon lokacin da aka wallafa. Babu mai tace maka.

Facebook ya zo a 2004, Twitter a 2006. Amma shekarar da nake so ku riƙe ita ce 2006, domin a watan Satumbarta ne Facebook ya fito da jerin labaran nan da ke tarbarka da zarar ka shiga. Kafin nan sai ka je shafin abokinka da kanka. A shekarar ce kuma wani mai zana manhaja, Aza Raskin, ya fito da dabarar shafin da ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙaruwa, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamarsa. A 2009 aka kawo maɓallin nuna so. A 2016 Twitter da Instagram suka koma jera wa mutane abubuwa bisa zaɓin na'ura, ba bisa lokaci kaɗai ba. A tsakanin nan, ranar 1 ga Yuli 2013, Google ya rufe Google Reader, wadda ita ce babbar manhajar da jama'a ke karanta RSS da ita. A hankali zaɓi ya bar hannun mai karatu ya koma hannun kamfani.

To me kamfanin yake zaɓa, kuma don me? Nan ba sai an yi zargi ba, lissafinsu a fili yake. Fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigar Meta, mai Facebook da Instagram, daga talla yake fitowa. Wanda ke rayuwa da talla, abin da yake sayarwa shi ne lokacin da idonka ya yi a kan allo. Saboda haka na'urar da ke jera maka labarai tambaya ɗaya take yi: mene ne zai riƙe wannan mutumin? Ba ta tambayar ko abin gaskiya ne, ko zai amfane shi. Kuma mun san abin da ke riƙe ɗan Adam. Fushi yana riƙe shi, tsoro yana riƙe shi, ganin an ci mutuncin wanda ba ya so yana riƙe shi.

A 2018 masu bincike uku na jami'ar MIT suka wallafa nazari a mujallar Science kan labarai wajen 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun gano labarin ƙarya ya fi na gaskiya yiwuwar a sake tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya takan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi tayar min da hankali a nazarin, sun ce mutane ne suka fi yaɗa ƙaryar, ba asusun bogi na na'ura ba. Mu ne. A 2021 kuma wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. Takardun sun nuna ma'aikatan kamfanin da kansu sun lura cewa sauyin da aka yi wa tsarin jera labarai a 2018, wanda ya ƙara wa sharhi da sake turawa nauyi, ya ɗaga rubuce-rubucen da ke harzuƙa jama'a.

Ni damuwata ba ta tsaya kan abin da wannan ke yi wa mai karatu ba. Ta fi ƙarfi kan abin da yake yi wa marubuci. Ku lura da kanku. Ka yi rubutu mai natsuwa, ka kawo hujjar wannan ɓangare da ta wancan, ka ce a nan ban da tabbas, mutum goma sha suka kula. Washegari ka yi layi biyu masu zafi ka caccaki wani, kafin ka ajiye waya sanarwa ta cika allo. Ba wanda ya ce maka komai, amma an koya maka darasi, kuma hannunka ya ɗauka. Bayan shekara guda za ka tarar kana goge kalmar "wataƙila" daga jimlolinka, kana sauya "wasu daga cikinsu" da "dukkansu". Na ga masu ilimi, mutanen da nake girmamawa, alƙalaminsu ya koma na neman tafi. Wallahi abin yana min ciwo, domin ilimin yana nan a ƙirjinsu, wurin ne ba ya karɓarsa.

Sai maganar mallaka. A waɗannan kafafe kai ɗan haya ne, kuma hayar da babu yarjejeniyar da ke kare ka. Mai gida yana iya sauya ƙofa, ya hana baƙinka shigowa, ya kulle ɗakin da kayanka a ciki, ko ya rushe ginin gaba ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. GeoCities, wani dandali da mutane ke buɗe shafukansu kyauta, a ƙarshen shekarun 1990 yana cikin wuraren da aka fi ziyarta a intanet a duniya, Yahoo ya saye shi a 1999, ya rufe shi a 2009, sai abin da 'yan sa-kai suka yi gaggawar kwashewa. A 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya sanar cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 wajen sauya ma'ajiya, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. A 2019 ɗin kuma Google+, dandalin sada zumunta na Google, shi ma ya rufe. Twitter kuwa, a Oktoban 2022 Elon Musk ya saye shi kan dala biliyan 44, ya sauya dokoki, a 2023 ya sauya masa suna zuwa X. Ko kana ganin sauyin alheri ne ko akasin haka, ba a shawarce ka ba, kai da ka shekara goma kana tara mabiya a wurin. Mabiyan nan ma ba naka ba ne. Ba ka da adireshinsu, ba za ka iya ɗaukarsu ka tafi da su ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce kowa ya goge asusunsa yau ba. Waɗannan kafafe sun haɗa dangin da suka rabu, sun ba mara murya murya, da yawa kuma a can suke samun abin sakawa a bakin salati. Akwai wani gwaji da masana tattalin arziki na jami'o'in Stanford da New York suka yi a 2018, inda aka biya mutane suka rufe Facebook na mako huɗu. Sun sami rarar kusan awa ɗaya a kullum, sun ƙara zama da iyali da abokai, hankalinsu ya ɗan ƙara kwanciya, zafin ra'ayin siyasa ya ragu. Amma sanin labaran yau da kullum ma ya ragu. Ja da baya yana da nasa farashi, kuma ya kamata a faɗa.

Abin da nake kira a kai shi ne a sauya wurin da asalin magana yake zama. Ka yi rajistar adireshi da sunanka, ka buɗe shafi a kansa, ka rubuta abin da kake son rubutawa a can, iya tsawon da maganar take buƙata. In ka gama, ka ɗauki mahaɗar ka kai ta kafafen, ka ce ga abin da na rubuta, ka fita. Amfanin adireshin kanka shi ne, ko kamfanin da ke ajiye maka shafin ya rufe, kana iya kwashe rubutunka ka kai wani wuri, adireshin bai sauya ba, mai nemanka zai same ka.

Za ka ga bambanci tun daga rubutun farko. Allo ne fari a gabanka, babu jan lamba a kusurwa, babu wanda ke jiran ya mayar maka da martani kafin ka ajiye numfashi. Za ka rubuta sakin layi, ka karanta, ka ga hujjar ba ta tsaya ba, ka tashi ka duba littafi, ka dawo. Kana iya barin rubutun ya kwana, da safe ka ga jimlar da fushi ne ya rubuta ta, ka cire. Bayan wata shida in wani ya nuna maka inda ka kauce, ka koma kan rubutun ka ƙara layi a ƙasa da kwanan wata, ka ce na gyara kaza saboda kaza. Rubutun bana yana iya nuna na bara da mahaɗa, na bara ya nuna na bara waccan, har abin ya zama gini. Ɗalibin da zai nemi wannan batu bayan shekara bakwai zai iya faɗowa kansa ta hanyar bincike. Ilimi da haka yake taruwa.

Wahalarsa kuma ba zan ɓoye muku ba. Da farko shiru za ka ji. Wanda ya saba da ɗaruruwan masu danna so, ranar da ya ga mutum ashirin ne suka karanta, zuciyarsa za ta yi sanyi. Sai dai ashirin ɗin nan da ƙafarsu suka zo, kuma cikinsu ake samun wanda zai aiko maka da wasiƙa mai tsawo yana tattauna hujjarka. Na biyu, shafin kanka ma yana mutuwa in ka yi sakaci. Adireshi ana sabunta rajistarsa ne, in ka bari ta ƙare wani yana iya ɗauka. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Don haka ka ajiye kwafin duk abin da ka rubuta a kwamfutarka ko wata ma'ajiya, ka kuma kai muhimman shafukanka rumbun Internet Archive, wanda tun 1996 yake adana shafukan yanar gizo.

A nan aka ba da damar tambaya. Wani matashi ya miƙe ya ce: "Allah ya gafarta malam, ni sana'ata a waɗannan kafafe take, a can masu saye suke ganina. In na ja da baya, ba na kashe kasuwata ba?"

Malam ya amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Kai kam ba za ka bar wurin ba, kuma ban ce ka bari ba. Amma ka tuna ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida. Wanda duk kasuwancinsa yana can, ranar hannu ya naɗe. Kai ka fi kowa buƙatar shafin kanka, inda bayanin kayanka da hanyar samunka za su zauna, ka kuma nemi izinin masu sayenka ka riƙe lambobinsu ko adireshin imel ɗinsu a wajenka. Sannan ka raba shiga don aiki da shiga don ja da yatsa. Ka kashe sanarwar da ba ta ciniki ba, ka sa wa kanka lokutan shiga, ka amsa saƙonni, ka ɗora abin da za ka ɗora, ka rufe.

Wata baiwar Allah ta tambaya ko dole sai mutum ya iya rubutu sosai kafin ya fara. Malam ya ce: A'a, 'yar'uwa. Ki fara da abin da kika riga kika rubuta. Facebook da X da Instagram duk suna da wuri a cikin saituna inda za ki nemi a ba ki kwafin bayananki. Ki sauke shi, ki zauna ki tsince rubutu biyar ko shida da har yanzu kike tsaye a kansu, ki gyara su, ki sa wa kowanne take da kwanan watan da kika fara rubuta shi. Su ne za su zama farkon shafinki. Shugaba yana min nuni da agogo, sauran tambayoyin sai mu yi su a waje. Wassalamu alaikum.