Hotunan Sace Umaru Dikko: Juya Bayan Hoton Kafin Ka Biya

[Allon waya, hotuna suna wucewa a guruf]

Assalamu alaikum jama'ar Nima da Mamobi da Sabon Zongo a nan Ankara, babban birnin Gana, da masu kallonmu daga nesa. Kwanakin nan tsofaffin hotunan sace Alhaji Umaru Dikko sun cika WhatsApp, wasu har da farashi a ƙasa, wai na asali ne. Masu tara kayan tarihi sai turo mana tambaya ɗaya suke yi: ga kwanan wata a jikin hoton, Yulin 1984, ba shi ke nan ba? A'a, da sauran aiki.

[Tsofaffin shafukan jarida]

Ga waɗanda ba a haifa ba a lokacin, labarin a gurguje. Dikko ministan sufuri ne a gwamnatin Shehu Shagari, kuma tsofaffinmu sun san muryarsa tun yana sashen Hausa na BBC. Da soja suka yi juyin mulki ranar 31 ga Disambar 1983 sai ya tsere Landan. Ranar Alhamis 5 ga Yulin 1984, da rana tsaka, aka cafke shi a ƙofar gidansa, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila, aka nufi filin jirgin Stansted inda jirgin Nigeria Airways yake jira. Sakatariyarsa ta ga abin, ta kira 'yan sanda. Akwatunan da aka kai filin jirgin, guda biyu, ba su da alamar da doka ta ce kayan jakadanci su ɗauka, don haka kwastan suka buɗe. A farkon 1985 kotun Old Bailey ta ɗaure mutum huɗu, shekara 10 zuwa 14. Gwamnatin Najeriya ta musanta hannu a ciki. Dikko ya rasu a Landan a 2014, Allah ya jiƙansa.

[Hannu ya ɗora hoto a kan tebur, ya juya shi]

To, yanzu a hankali. Hoton jarida yana da ranaku uku, kuma da wuya su zo ɗaya. Akwai ranar da aka ɗauke shi. Akwai ranar da aka wanke wannan takardar da ke hannunka. Akwai ranar da jarida ta buga shi. Kwanan watan da mai sayarwa yake nuna maka a cikin bayanin hoton, ranar labarin yake faɗa. Kai kuwa kuɗinka a kan rana ta biyu kake zubawa, ranar wanki, kuma ita ce ba a rubuta maka ɓaro-ɓaro.

Dubi wannan. Fuskar Dikko ce, da hula, cikin natsuwa. Bayanin yana maganar sacewa, amma mutumin da aka fitar daga akwati a sume asibiti aka kai shi, ba wurin mai hoto ba. Kamfanonin dillancin labarai sun janyo hotonsa na zamanin minista daga ma'ajiya suka raba wa jaridu a wannan makon. An ɗauke shi kafin aukuwar abin, an wanke shi a Yulin 1984. Wannan a wurina kayan tarihi ne na gaske, domin takardar ta yi aiki a kan labarin yana da zafi.

Ga kuma kishiyarsa. Fim ɗin da aka ɗauka a 1984 yana nan a ajiye, ana iya sake wanke shi lokacin shari'a a 1985, ko bayan shekara goma, bayanin kuma bai canja ba. Gaban hoton iri ɗaya sak. Bambancin yana baya.

[Kyamara ta matso kusa da bayan hoton]

Kun ga hatimin nan mai ruwan shuɗi? Na kamfanin da ya raba hoton ne. Wannan 'yar takardar da aka buga da tafireta aka manna, ita ce bayanin. Waɗannan kuma, ɗaya a kwance ɗaya a karkace, hatimin kwanan wata ne na ɗakin ajiyar jaridar: idan aka karɓi hoto ko aka yi amfani da shi, sai a buga masa. Wani lokaci har a yanko inda ya fito a jarida a manna. Ka nemi hatimi mafi tsufa. Shi ne yake shaida cewa takardar nan tana duniya a wannan ranar. Idan mafi tsufan na 1984 ne, madalla. Idan na 1994 ne, abin da za ka iya rantsewa a kai shi ne 1994, ko da mai sayarwa ya haɗa ka da Allah.

Hatimi ma ana sassaƙa shi, kowa ya san haka a garin nan. Shi ya sa za ka ɗauko gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo ko waya.

[Hoto ta cikin gilashi]

Wanda aka wanke a ɗakin duhu ba shi da ɗigo-ɗigo a jere, inuwarsa a sulɓe take. Wanda aka aiko ta wayar tarho, kamar yadda ake yi a lokacin, za ka ga siraran layuka a kwance, bayanin kuma a gefen hoton yake ta gaba. Wanda aka kwafo daga jarida, ɗigo ne a jere reras. Na firintar zamani kuwa ɗigon a warwatse yake, sau da yawa har da ja da shuɗi a cikin hoton da ake ce maka fari da baƙi ne.

Kada jan takarda ya ruɗe ka. Raɓar teku ta nan Ankara tana tsofar da takarda cikin 'yan shekaru, ruwan shayi kuma cikin dare ɗaya.

[Tarin jaridu a cikin adaka]

Jarida ta fi sauƙi. Abin da rana ya faru, don haka jaridar safe mai kwanan 5 ga Yuli ba za ta ɗauki labarin ba, sai ta 6 ga wata zuwa sama. Idan ta Gana ce, a 1984 sunan da ke saman shafi People's Daily Graphic ne. Ta Najeriya, New Nigerian ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, ka tambayi yadda ta iso, domin iyakokin ƙasar na tudu a rufe suke tun Afrilun shekarar. Wanda ya ajiye ta da gaske yakan san amsar.

Kuma ni da za ku ji tawa, kafin intanet ku fara da ɗakin Baba. Dattawanmu da yawa suna da adakar da Hajiya ta daɗe tana roƙo a ba ta jaridun ciki ta naɗe gyaɗa, Baba ya hana. Allah ya saka wa Baba. Ku zauna da shi, ku ce Baba, wannan a ina ka saya, wa ya kawo maka? Ku rubuta amsar da fensir a bayan ambulan, ba a jikin hoton ba.

[Injin lamineshin, hannu ya ture shi gefe]

Don Allah kada a kai shi lamineshin. Zafi da roba suna manne wa takardar har abada, hatiman da muka gama dubawa ba mai iya gwada su kuma. Ban da salatif, ban da roba mai ɗaurewa, ban da jingina shi da bangon da ke tsatsafar ruwa da damina. Kowane hoto da ambulansa, a kwance, a saman kabad.

Mai son mu duba masa nasa a shiri na gaba ya ɗauko mana gaba da baya, cikin hasken rana, hatiman su fito sosai.