Asali da Tashi: Laccar Wani Ɗan Zango

An rubuto wannan lacca daga faifan muryar da aka naɗa lokacin gabatar da ita.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malamaina, iyayena da ke zaune a sahun gaba, 'yan'uwa ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi magana a kan abin da ke sa mutum ya buga ƙirji ya ce ni wane ne, daga gida kaza na fito. To da gidanmu zan fara, domin shi na fi sani.

A zangon Kumasi, a ƙasar Gana, aka haife ni. Kakana na wajen uba Ba'agale ne daga ƙasar Bebeji, fataucin goro ya kai shi Gwanja. Ku da kuka taso kuka tarar da mota, ku sani cewa a da ayari ne ke tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da fatu da turkuɗi, madugu na gaba, a ratsa ta Yawuri da Bargu, a yi watanni kafin a isa Salaga, a sayo goro a juyo. Inda ayari ya sauka ya huta shi ake kira zango. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu suka nufi Karachi a bakin kogin Volta, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu kuma suka gangara Kumasi da Ankara, wato Accra. Wurin sauka ya koma wurin zama. Sunan zango kuwa bai canza ba har gobe.

Ku lura da kalmar Ba'agale. Yau kowa ya ji Agalawa, Hausawan Kano yake tunawa, ya tuna Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji a 1877. Amma in aka bi salsala, kakannin Agalawa daga cikin Buzayen Abzin suka fito. Haka Kambarin Barebari, sunansu kaɗai ya faɗi daga inda suke. Ku shiga cikin birnin Kano ku karanta unguwanni: Ayagi ta Yarbawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna. Jikokin waɗannan mutane duk Hausawa ne yau, babu mai ja. Wannan ne ya sa nake cewa Hausanci bai taɓa zama maganar jini kaɗai ba, harshe da addini da sana'a da zaman tare ne suka ƙera shi.

Ta wajen uwa kuma, kakata Ba'asantiya ce da ta musulunta ta auri malamin zango. A nan abin ya fi daɗin nazari. A wurin Asante, ɗa na dangin uwarsa ne, ta can ake gado, suna kiran wannan dangi abusuwa. A wurinmu kuwa ɗa ubansa yake bi. Saboda haka kowane ɓangare ya ɗauke ni nasa, kuma kowanne bisa ƙa'idarsa yana da gaskiya. Ranar Juma'a aka haife ni. Liman ya raɗa mini suna ran bakwai, wanzami ya yi mini aski, gwaggonina suna kirana Ɗanjuma, kakata kuma tana kirana Kofi. Ma'anarsu ɗaya. Mahaifiyata ba ta kama ko ɗaya daga ciki ba, domin ni ne ɗan fari, kuma alkunyar Hausawa ta riga ta shige ta duk da ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba a lokacin.

Sai ga Nuwamba ta 1969. Gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Mahaifina a Kumasi aka haife shi, bai taɓa tunanin shi baƙo ba ne, ballantana ya nemi takarda. Ya karyar da kayan rumfarsa, muka hau babbar mota. Ina da shekara tara. Kakata ta riƙe hannuna ta gefen motar har direba ya ja, ban kuma sake ganinta ba, Allah ya jiƙanta. Kada kuma wani ya ɗauka laifin ƙasa ɗaya ne, a 1983 Najeriya ta kori baƙi, mafi yawansu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samu suna daga abin.

Mun iso Kano ina zaton na zo gida. Ranar farko a makaranta na ce "mamana ya zo", aji ya fashe da dariya, malamin ma bai hana su ba. Hausar zango ba ta bambanta namiji da mace yadda ta Kano take yi, ƙ da k ma ba mu cika raba su ba. A Kumasi an kore ni saboda ni Bahaushe ne, a Kano yara suna kirana ɗan Gana. Na yi shekaru ina gyara bakina, ina ɓoye Kofi, ko a gida aka yi maganar Kumasi sai in tashi.

Abin da ya juya ni, tafiyar da na yi can bayan na girma. Na sauka da safe na ga layi a gaban mai koko da ƙosai, kuma da sunan Hausa koko duk Gana ta san shi. Abincin da suke alfahari da shi, wanda suke kira wace, daga kalmar wake ya samo suna. Tuwon zafi na nan da sunansa. Na shiga zango na ji Bamoshe da Bazabarme da Bakotokole suna ciniki da Hausar nan da aka yi mini dariya a kanta. Ashe abin da na ɗauka gurguwar Hausa ce, Hausa ce da ta yi doguwar tafiya, ta ɗauki nauyin haɗa ƙabilu masu yawa, ta sauke wasu kaya a hanya. Dangin kakata suka tarbe ni, tsohuwar cikinsu ta ce ɗanmu ya dawo, ba ta tambaye ni takarda ba.

Ba na yarda da masu cewa asali ba komai ba ne. Wanda ya tashi gidan maƙera ko marina ko gidan malamai ya san abin da hannunsa ya koya tun kafin ya yi wayo, shi ya sa ake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni kaina ban taɓa sayar da goro ba, amma ina taɓa shi in san ɗan Gwanja ne ko ba shi ba, daga mahaifina na gani. Sai dai ƙanena da aka haifa a Kano bayan mun dawo, uwa ɗaya uba ɗaya muke, bai san ko kalma ɗaya ta Asantanci ba, Kumasi a wurinsa labari ce kawai. Gadonmu ɗaya, amma abin da ya faru da ni bai faru da shi ba, don haka in aka tambaye mu ku su wane ne, amsarmu ba za ta zo ɗaya ba. Ba kuma wanda ya yi ƙarya a cikinmu.

Kwanan baya 'yata ta zo da takardar neman gurbin jami'a, an ce ta kawo shaidar ƙaramar hukumarta ta asali. A cikin birni aka haife ta, nan ta tashi. Muka ɗauki hanya zuwa Bebeji, garin da ba ta taɓa kwana ba, aka bi sunan kakana aka ba ta takardar. A mota muna dawowa ta ce, "Baba, to Kumasin fa, a ina zan rubuta ta?" Na duba takardar sama da ƙasa, layi ɗaya ne kawai aka bari.

Shugaban taro yana nuna mini agogo, la'asar ta kawo jiki. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata da ke can baya.