Kifin Dutsen Masar: Ba Gunki Ba Ne, Na Niƙan Kwalli Ne

Kwana biyun nan hoton wani faffaɗan dutse daga tsohuwar Masar, wanda aka sassaƙa da siffar kifi, yana ta yawo a Facebook. Wasu sun ce gunkin Fir'auna ne, wasu sun ce faranti ne, har akwai wanda ya rantse abin wasan yara ne. To, a yi haƙuri, duk an kuskure. Lokacin da aka sassaƙa shi ba a ma fara sarautar Fir'aunoni ba, balle a yi maganar gina dala.

Aikin mutanen Nakada ne, can kudancin Masar a gaɓar Nilu, kusa da Luksor ta yau, wajen shekara ta 3500 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani Bature ɗan Ingila, Flinders Petrie, ya tono irinsu da yawa a kaburburan wurin a 1895. Ga kifi, ga kififiya, ga dorina, ga tsuntsu. Dutsen kuwa daga Wadi Hammamat ake fasa shi, cikin hamadar da ke tsakanin Nilu da Bahar Maliya.

Yanzu ku daina kallon kan kifin, ku dubi tsakiyar cikinsa. Akwai wata 'yar lotsawa a wurin. Ga kuma tabon kore a gefenta. Nan maganar take.

Turawa suna kiran abin nan "palet", kuma sunan ne ya rikita mutane, don haka suke kiran allon da mai zane yake cuɗa fenti a kai. Sai kowa ya ɗauka wurin gauraya launi ne. A'a. Dutsen niƙa ne, ƙarami, wanda galibi ba ya wuce tafin hannu ɗaya ko biyu. Kuma kamar kowane dutsen niƙa, yana da ɗansa: wata tsakuwa mai santsi da sau da yawa ake samu kusa da shi a kabari.

Ga yadda ake yi. Za a ɗauko gutsuren malakayit, wani koren dutse mai tagulla a ciki, a aza a tsakiya, a danne da tsakuwar, a yi ta murzawa. Ba bugu ba, murzawa. A hankali yana rugujewa har ya zama gari mai laushi, sannan a ɗan kwaɓa shi a zizara a ido. Yau a niƙa, gobe a niƙa, shekara da shekaru, shi ya ci dutsen har ya lotsa. Wannan lotsawar ba mai sassaƙa ya yi ta ba, aiki ne ya bar ta.

Wani lokacin ba koren ake niƙawa ba, galena ce, dutsen darma mai baƙi da sheƙi. Wanda ya tashi a gidan da kaka take da tandu ya riga ya san shi, don irin dutsen nan ne ake niƙawa a yi kwallinmu na gargajiya. Bambancin kawai, mutanen Nakada sun fi raja'a ga kore, baƙin daga baya ya mamaye Masar. Kuma ba na mata kaɗai ba ne, an samu duwatsun a kaburburan maza har da na yara. Samari masu cewa kwalli na mata ne, sai ku sake shiri.

Sauran a gurguje. Hudar da ke saman kifin, ana jin ta rataya ce. Idon kifin, a wasu, ɗan zoben ɓawo ko ƙashi aka dasa. Me ya sa dabbobi? Masana suna ta ja-in-ja. Ni dai a ganina, mutumin da zai yi wahalar mayar da dutsen niƙa kifi, ya ɗauki kwalliyarsa da muhimmanci ƙwarai.

Da aka doshi shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, sai siffar dabbobin ta ja baya, aka koma masu kusurwa huɗu, manya kuma suka zama kayan fada. Ga na Sarki Narmer, ɗaya daga cikin sarakunan Masar na farko, wanda aka tono a Hiyerakonfolis, wani tsohon birni a kudancin Masar, a 1898, tsawonsa santimita 64, yana gidan tarihi na Alƙahira. A jikinsa an sassaƙa wasu dabbobi biyu da dogayen wuyansu suka sarƙe suka yi da'ira. Wurin niƙan ne aka bari a tsakiya, sumul, da alama ko sau ɗaya tsakuwa ba ta taɓa hawa kansa ba.