Ɗigo a Huhu, Jiri a Kai: Laccar Lafiya a Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamai, 'yan'uwa mata da ke can baya, sannunku da haƙurin zama cikin wannan ƙura ta hunturu. Na baya kuna ji na? To madalla. Wanda tari ya taso masa ya yi abinsa, kada ya danne, ai maganar huhu ce ta tara mu.

Abubuwa huɗu na shirya. Mene ne ƙullutun huhu, me fargaba ke yi wa jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa, yadda ake bin ƙullutun a asibiti, sai haƙƙin mai jiran sakamako a kan iyalinsa.

Na farko. Ƙullutun huhu wani ɗan dunƙule ne da ake gani a hoton radiyo ko na sikanar, faɗinsa bai wuce santimita 3 ba. In ya wuce haka, lissafinsa daban. Yawancin waɗanda muke gani ba su kai santimita 1 ba. In kun koma gida ku karɓi rular ɗan makaranta ku dubi milimita 5, ku ga abin da ke hana magidanci barci. Tun da aka fara ɗaukar mutane hoto da sikanar a Landan a 1971, na'urar kullum ƙara kaifin ido take, har ta zo tana ganin abin da da can mutum zai rayu da shi shekara 80 ba wanda ya sani. A Amurka an yi wani babban bincike a kan masu shan taba sama da 53,000, sakamakon ya fito a 2011. Kusan hoto ɗaya cikin huɗu ya nuna abin tuhuma. Da aka bi diddigi, sama da 96 cikin 100 na waɗannan ba kansa ba ne. Masu shan taba fa, waɗanda haɗarinsu ya fi na kowa! Mu nan kuma muna da namu dalilin. Tarin fuka ya daɗe a cikinmu, mutum kan haɗu da ƙwayar cutar tun yana yaro, jiki ya killace ta, wurin ya warke ya bar tabo. Wannan tabon ne sau da yawa ke fitowa a hoto.

To na biyu, kuma nan nake son ku ba ni aron kunnuwanku sosai.

Wani tela ya zo wurina, ba zan faɗi unguwarsu ba. Kabu-kabu ya kayar da shi, aka ɗauki hoton ƙirji don a duba haƙarƙari. Haƙarƙari lafiya lau, sai dai an ga ƙullutu mai milimita 5. Aka ba shi takarda da Faransanci, aka ce ya dawo. Ya ninke ta ya sa cikin hula. Ɗan ƙanensa ya karanta masa, ya buga kalmar a salula, intanet ta zubo musu da hotunan masu kansa. Kafin ya iso gare ni takardar nan ta yi laushi don gumi, wurin ninkin har ya fara yagewa. Ya ce, “Likita, abin ya hau kai. In na ɗago daga ruku'u sai masallaci ya juya, yatsuna su yi yam, leɓena ya sage, numfashi ba ya isa ta.” Yana magana ina kallon kafaɗunsa, suna hawa suna sauka. Daga saman ƙirji yake shaƙa, sauri-sauri, bayan 'yan kalmomi sai ya ja doguwar ajiyar zuciya. Bai san yana yi ba.

Ku ji abin da ke faruwa. Ƙwaƙwalwa nauyinta kamar kashi 2 cikin 100 ne na nauyin jiki, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin. Wajen mililita 750 na jini ke ratsa ta a kowane minti. Ba ta da rumbu, ba ta ajiya, abin da ya zo yanzu shi take ci yanzu. Wasu likitoci biyu a Amurka, Kety da Schmidt, su suka samo hanyar auna wannan jini a jikin mutum mai rai cikin shekarun 1940, kuma cikin abin da suka nuna akwai wannan: jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna bin umarnin iskar da muke fitarwa, kabon dayoksaid. Mu muna ɗaukarta shara ce kawai. Alhali in ta yi yawa a jini jijiyoyin su buɗe, in ta yi ƙasa su tsuke.

Ku riƙe wannan, zan maimaita. In ta yi ƙasa, su tsuke.

Yanzu mai fargaba me yake yi? Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, aikinsa tsaron ƙofa. Da ya hango haɗari sai ya tada jiki, sinadarin adirenalin ya zubo, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙara sauri. In kare ne ya biyo ka, wannan rahama ce, don tsoka na ƙona abinci tana samar da kabon dayoksaid mai yawa, saurin numfashin ya yi daidai da buƙata. Amma telan nan a zaune yake bakin keke. Ba gudu, ba dambe. Yana ta fitar da iskar nan fiye da yadda jiki ke samar da ita. Ma'auninta a jini ya kamata ya tsaya tsakanin 35 da 45. Duk maki ɗaya da ya sauka, jinin ƙwaƙwalwa kan ragu da kamar kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Ku yi lissafi in ya sauka da maki 10. Masu lambu a Mirya sun san abin da ke faruwa in aka taka tiyo: rijiya cike take, injin na aiki, amma ruwan da ke isa fangali ya ragu. Zuciyarsa lafiya, jininsa na nan, hanya ce ta ƙuntata. Sai jiri, sai gani ya dushe, sai kai ya yi sakayau. Yatsu da leɓe kuwa, jini ne ya canja yanayi, sinadarin kalsiyam da jijiyoyi ke aiki da shi ya ragu na ɗan lokaci, shi ya sa suke yam, wani har yatsun su ƙandare.

Ga inda abin ke ba ni tausayi. Mutum ya ji jiri, sai ya ce shi ke nan, ciwon ya kai ƙwaƙwalwa. Tsoro ya ƙaru. Numfashi ya ƙara sauri. Jijiyoyi su ƙara tsukewa. Jiri ya ƙaru. Kun ga an kewayo? Kuma yana ji kamar iska ba ta isarsa, alhali iskar ce ta yi yawa. In ka maƙala masa ɗan abin auna oksijin a yatsa, sai ka ga 98, 99.

Na uku... a'a, ku dakata, ban gama da numfashi ba. Kada wani ya fita daga nan ya ce wa mai irin wannan hali, “Ba komai, tunani ne kawai.” Wallahi jirin gaskiya ne, ana iya auna shi. Yau akwai hoton MRI da ke yi wa jinin wuya alama da maganaɗisu, ba allura, ba a zuba komai a jiki, a ga yawan jinin da ke isa kowane lungu na ƙwaƙwalwa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a wurin masu ciwon fargaba amigdala da wani sashe mai suna insula, wanda ke sauraron bugun zuciya da numfashi, sun fi saurin tashi. Kuma ku kwantar da hankali, raguwar jinin da saurin numfashi ke jawowa ta ɗan lokaci ce, in numfashi ya daidaita jijiyoyi su saki cikin mintoci. Ƙullutu mai milimita 5 kuwa ba ya toshe numfashi, ba ya ciwo, don tsokar huhu kanta ba ta da jijiyar jin zafi, rigar da ke shimfiɗe a bangon ƙirji ta ciki ce ke da ita.

Bari mu gwada tare. Kowa ya ɗora hannu a kan cikinsa. Alhaji, har da kai, ai kai ma kana da wurin ɗorawa. (Dariya.) A rufe baki, a shaƙa ta hanci, ciki ya taso, ana ƙirga huɗu. A saki a hankali ana ƙirga shida. Kada kafaɗa ta motsa. Haka. Numfashi 6 ke nan a minti, maimakon 12 zuwa 20 da babba kan yi a zaune. Minti biyar safe da yamma, tun kafin firgicin ya zo, don ranar wanka ba a koyon iyo. Abin da na koya wa telan ke nan, na kuma zana masa girman ƙullutun a bayan takardarsa. Kuma samari 'yan fada, shayin nan mai kauri da kuke yi har na uku da tsakar dare, sinadarin da ke cikinsa shi ma yana tsuke jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yana sa zuciya bugu, yana korar barci. Mai jiran sakamako ya rage. Taba kuwa, wanda ya ce yana sha ne don hankalinsa ya kwanta, ita ce babbar mai jawo kansar huhu, ya bar ta yau.

Ba kowane jiri ba ne na fargaba. Tansiyo, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, duk suna kawo shi, a auna. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta harɗe, ko ƙirji ya yi nauyi da gumi, ba zancen ƙirga numfashi, a ɗauki mutum sai asibiti nan take.

Lokaci ya tafi, bari in yi sauri da maganar bibiya. Ƙa'idar da likitocin hoto na ƙungiyar Fleischner suka sabunta a 2017 ta ce daskararren ƙullutu ƙasa da milimita 6, haɗarin kansa bai kai 1 cikin 100 ba, mai ƙarancin haɗari ba lallai a sake masa hoto ba. Daga 6 zuwa 8, a sake bayan wata 6 zuwa 12. Sama da 8, a duba cikin wata 3 ko a ƙara bincike. In ya shekara 2 bai ƙaru ba, galibi an huta. Ku adana tsohon hoto, ku zo da shi ranar randebu. Kuma ku tambayi likita milimita nawa ne, yaushe za a sake, me zai sa ku dawo kafin ranar. An bincika tsakanin tsofaffin sojoji a Amurka, waɗanda aka yi wa bayani mai kyau damuwarsu ta fi sauƙi. Mu ma'aikata, wannan nauyi a wuyanmu yake.

Sai maganar iyali. Na'am, Hajiya, na ga hannunki. A miƙa mata lasifika.

(Wata dattijuwa ta ce ɗanta ya yi aikin zinariya a Jado, ya dawo da tari, hoto ya nuna ɗige-ɗige da yawa. Ta tambaya ko shi ma ya yi numfashin ya jira.)

A'a, Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, nasa ba na jira ba ne. Duk abin da na faɗa na ƙullutu ɗaya ne da aka tsinta a jikin mai lafiya. Tun 2014 da aka buɗe zinariyar Jado samarinmu ke shiga rami suna fasa dutse, suna niƙa shi busasshe. Ƙurar dutsen nan mai laushi tana sauka can ƙasan huhu ta zauna, jiki ya kewaye ta da tabo, ɗige-ɗige masu yawa su fito, galibi a saman huhu. Tabon ba ya gogewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Tarin ya wuce sati 2? Yana gumin dare? Ya rame? To gobe da safe ki kai shi a gwada kakinsa, kada a tsaya sayen maganin tari a tebur. In tarin fuka ne, magani wata 6 ne, ana warkewa, amma sai an sha shi har ƙarshe, kuma a duba duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, musamman yara. Kada ya koma rami. Abokansa da ke can a gaya musu rawani ba ya tare wannan ƙura, sai takunkumi na ainihi, kuma a riƙa jiƙa dutse da ruwa kafin a niƙa. Ki tsaya bayan an tashi, Hajiya, in kin zo da hoton in duba shi.